Rasuwar Khonza, Bindiga Mai Fuska Takwas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da dukan maharban kwarinmu rasuwar Khonza, bindigar kakana Bap Purdum Wali, wadda ta yi shirun ƙarshe a farkon saukar dusar ƙanƙara ta bara, tana da shekara arba'in da ɗaya a duniya. Ba ta fashe ba, ba ta faɗa rami ba, tsatsa ba ta ci ta ba. Wanda ya gan ta yanzu jingine a bayan ƙofa zai rantse lafiyarta ƙalau. Amma Bap ya ce ta mutu, kuma ba wanda ya kai shi saninta.

Sunana Gulsambar, shekarata goma sha biyar, ni kaɗai na yi makaranta a gidanmu. Wasiƙun mutane na saba rubutawa, ban taɓa rubuta wani abu da bakina ba sai yau, don haka a yi mini afuwa idan na yi ta kewaye-kewaye. Al'adar irin wannan sanarwa ce a ce “bayan gajeriyar rashin lafiya” a wuce gaba. Na rubuta haka sau biyu, na goge sau biyu. Gara in faɗa tun daga sama: ni na kashe ta. Saboda ni kuma, tsofaffi biyu da suka ƙulla abota tun kafin a haifi mahaifina, yau wata biyar ba wanda ya aika wa ɗan'uwansa gaisuwa, kuma Bap yana riƙe da abokinsa a zuciya kan laifin da ba nasa ba.

An haifi marigayiya a maƙerar Ustad Dinar Shah, a garin bakin gada, tafiyar yini guda daga ƙauyenmu idan mutum ya yi sammako. Bap, yana saurayi lokacin, ya sauka da ragowar wata tsohuwar bindigar soja wadda kunamarta kaɗai ta rage da rai, da kuma guntun icen birmog daga bishiyar tsakar gidanmu don a sassaƙa ƙota. Saura bututu. A kan bututun nan suka yi gardama kwana uku, kuma daga gardamar abotarsu ta tsiro. Ustad ya ce a yi shi zagayayye, siriri, ya riƙa tsukewa har zuwa baki, domin mai hawan dutse ba jaki ba ne. Bap ya ce shi mai kauri yake so, kauri guda daga gindi har baki, mai fuska takwas. Ustad ya ce goge fuska takwas da magagari aikin kwana ashirin ne. Bap ya ce to ba ya sauri, ya shimfiɗa bargonsa a bakin maƙera. Tun daga ranar Ustad ke kiransa Jakin Dutse, shi kuma yana kiran Ustad Gawayi, har furfura ta rufe su ba su sake suna ba.

Halayen marigayiya sanannu ne. Ba ta da yawan magana. Harsashi ɗaya take ɗauka, ta faɗi abin da za ta faɗa, ta yi shiru. Idan Bap ya ja mata hannu ƙasa don ya buɗe ta, cewa take “ƙwas”, a hankali, kamar tsohuwa ta miƙe gwiwa. Idan ya rufe, “kap”. Muryarta kuwa, ban taɓa jin ta kusa ba, sai daga nesa idan iska ta kawo: “ƙuuum”, mai zurfi, ta bi duwatsu tana gaisawa da su ɗaya bayan ɗaya. Da kakata Wau Zar Nigar ta ji, sai ta aza babbar tukunya ba tare da ta tambayi kowa ba.

Ba ta fita sai sau ɗaya a shekara, don bunsurun dutse guda, tsoho, wanda za a shanya namansa a ci har ƙanƙara ta narke. Kafin su hau, Bap kan ajiye gutsuren gurasa a kan dutse saboda aljanun dutse masu garken, ya nemi izini, kamar yadda ubansa ya yi. Dokarsu ɗaya ce: dabbar da ka taɓa, kada ta kwana da ciwo. Saboda haka yake soke harsashi na biyu a naɗin hularsa, na jinƙai, ko da na farko ya kuskure. Shekara arba'in harsashin nan yana hula. Yakan sauya shi da sabo duk shekara, amma bai taɓa sa shi a bindiga ba.

Aibinta guda, nauyi. Ni ke shafa wa Bap man shanu mai ɗumi a kafaɗa idan ya sauko, na san ramin da igiyarta ta haƙa masa a can. Shekara uku da suka wuce hannuwansa suka fara rawa. Idan ya ɗauki kofin shayin gishiri, sai ya zubar da rabi a gemunsa, Wau ta ce masa gemun ma ya sha ya ƙoshi. Amma da ya ɗaga Khonza, sai ka ga bakinta ya tsaya cak. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba. Na gani, ban tsaya na tambayi kaina me ya sa ba.

Rashin lafiyarta ya fara ne da tsufa irin na kowa. Zanen da ke cikin bututun, wanda ke murza harsashi, ya suɗe. Bap ya leƙa ciki ta hasken tagar rufi, ya ce haƙoranta sun zube, sai an yi mata sabon bututu. Ya kira ni.

“Magatakarda, kawo alƙalaminki. Rubuta wa Gawayi: a yi mata irin na da sak. Fuska takwas, kauri guda har baki. Kada ya rage ko nauyin ƙwayar alkama.”

Ina da wani littafi marar bango da malamarmu ta ba ni, na wani baƙon maharbi, an juya shi zuwa harshen Urdu. Na karanta shi sau huɗu, don ni duk abin da aka buga a takarda ina ganinsa kamar ba ya ƙarya. Akwai babi guda a kan bututu, har da zane. Mutumin ya ce mai kauri na masu harbin allo ne a fili, shi kuwa mai hawan dutse ya nemi siriri mai tsukewa, domin kowane taki a sama nauyinsa biyu ne. Na dubi zanen, na dubi kafaɗar Bap. Na rubuta gaisuwar kamar yadda ya faɗa, da tambayar lafiyar iyali. Sannan na rubuta: a yi shi zagayayye, siriri, mai tsukewa zuwa baki, gwargwadon rashin nauyin da ƙarfe zai yarda.

Bap ya ce in karanta masa. Na ɗaga takardar, na karanta masa abin da ya faɗa, ba abin da na rubuta ba. Muryata ko rawa ba ta yi ba. Wannan ya fi komai tsorata ni yanzu. Ya dangwala babban yatsansa a tawada, ya danna a ƙasa, aka ba direban jip takarda da bindiga.

Ina so in ce tausayi ne kaɗai ya sa ni, amma sanarwar mutuwa ba wurin ƙarya ba ce. Har da son a ce Gulsambar ta san abu. Na riga na tsara yadda zai kasance: Bap zai sauko daga dutse yana tafiya kamar saurayi, ya ce wane mai hikima ne ya yi wannan, ni kuma in sunkuyar da kai in ce ai a littafi na gani.

Bayan mako bakwai ta dawo, naɗe cikin bargo, tsohon bututun a ɗaure gefenta. Aikin ya yi kyau ƙwarai, baƙi sumul kamar an zuba shi da ruwa. Daga baya na ji cewa da Ustad ya karanta wasiƙar, ya ɗauka abokinsa ne ke gaya masa ƙarfi ya ƙare, ta hanyar da namiji zai iya faɗa. Shi ya sa ya zuba duk gwanintarsa a ciki.

Bap ya ɗaga ta, hannunsa ya tafi sama fiye da yadda ya nufa. Ya shafa bututun da yatsa yana neman kusurwa, bai samu ba.

“Gawayi ya auna ni,” in ji shi, “ya ga na tsufa. Shekara arba'in yana jira ya ci wannan gardamar.”

Ina tsaye riƙe da butar shayi. A nan ya kamata in buɗe baki. Na zuba shayi.

Ƙanƙara ta kusa, ba lokacin mayarwa. Ya gwada ta a bayan gona, ya ɗora ta a kan buhun ƙaiƙayi, ya harbi farin dutse taki ɗari, ya same shi a tsakiya. Muryarta ta sauya, “tas”, siririya, mai kaifi, kamar an mari mutum. Ta kuma doki kafaɗarsa da ƙarfin da ba ta taɓa yi ba, har ya runtse ido, domin nauyin da ke shanye dukan babu shi. Kafaɗar da na so in hutar ke nan. Amma dutsen ya fashe, sai na ce wa zuciyata to ai ga shi, littafi bai yi ƙarya ba.

Abin da ya faru a sama, daga bakin mahaifina, Tat, na ji, shi ya raka shi. Sun hau tun asuba, sai bayan azahar suka ga tsohon bunsuru a ƙetaren wani kwazazzabo. Bap ya kwanta, numfashinsa na fita da ƙyar, ya ɗora bututun a kan dutse. A da, fuskar ƙasa takan zauna daram a kan dutse, ta sama kuma ta nuna wa idonsa ko bindiga ta karkata. Wannan kuwa mirginawa yake. Tat ya ce yana kallon bakin bindigar yana zana ƙananan da'ira a iska, yana bin rawar hannun tsoho duk inda ta je. Ashe nauyin da nake ganin yana kashe shi, shi ke riƙe masa hannu. Littafina bai faɗi wannan ba. Mai littafin saurayi ne, ina jin, hannunsa bai taɓa rawa ba.

Bap ya jira, ya sake jira, dabba ta fara juyawa, ya taɓa kunama. “Tas.” Harsashi ya shiga ta cinyar baya. Bunsuru ya faɗi, ya tashi, ya ja ƙafa. Bap ya kai hannu hula, yatsunsa suka kasa kama harsashin jinƙai, ya suɓuce cikin tsakuwa. Kafin Tat ya tsinto shi, dabba ta haye tudu.

Kwana biyu suna bin jini. A na uku dusar ƙanƙara ta sauko ta rufe sawu.

Wau ta ji ƙarar daga gida, ta aza tukunya, ruwa ya tafasa ya ƙone, ta sake zubawa. Da suka shigo hannu wofi, ba ta tambaya ba. Bap ya jingine Khonza a bayan ƙofa, inda ake ajiye tsintsiya, ya ce ta mutu, kada wanda ya ƙara shafa mata mai. A wannan sa'a muke lissafa rasuwarta.

Washegari ya sake kira na da alƙalami. Ba zan maimaita wasiƙar nan duka ba. Babu Gawayi a cikinta, “Dinar Shah” ya ce in rubuta, kamar baƙo. Ya ce ya ba shi amanar bindiga ya mayar masa da sandar makiyayi, ya ce akwai dabba a kan dutse tana mutuwa a hankali kuma haƙƙinta na wuyansu su biyu, ya ce kada ya zo jana'izarsa. Wannan karon na rubuta kowace kalma daidai, ban rage ba, ban sassauta ba. Wasiƙar da ya kamata in ɓata, ita na rubuta da gaskiya.

Amsa ta zo a jip na ƙarshe kafin hanya ta rufe. Na buɗe a gaban kowa, na karanta: “Jakin Dutse, laifina ne. Ido ya tsufa, kai ya tsufa. Ka yafe idan za ka iya.” Shi ke nan. Bap ya ce in jefa ta a wuta. Da na juya ambulan sai wata takarda ta faɗo a cinyata, an ninke ta ƙanana. Wasiƙata ce ta farko, da rubutuna, da yatsan Bap a ƙasa. A bayanta Ustad ya rubuta da fensir: “Wannan ta mai karatu ce. Ba wanda ya gani.”

Ya gane. Ya ɗauki laifin yarinyar da sau ɗaya ya taɓa gani, tana goye, ya aza a kansa, ya bar abokinsa ya tsine masa. Na ɓoye takardar a cikin littafin nan marar bango, a babin bututu, na yi dukan hunturu ina kwana da su a ƙarƙashin matashi. Bap ya daina zuwa zaman tsofaffi a bakin masallaci. Da rana yakan fita ya tsaya a kan rufi yana duban wajen kwazazzabon, ko zai ga ungulu na kewayawa, ya san dabbar ta huta. Ni kuma ina kai masa shayi, yana ce mini Allah ya yi albarka.

Marigayiya ta rasu ta bar mijin kafaɗarta, Bap Purdum Wali. Ta bar wanda ya ƙera ta, Ustad Dinar Shah, wanda aka ce tari ya kwantar da shi a hunturun nan kuma shekarunsa sun haura saba'in. Ta bar tsohon bututunta mai fuska takwas, da ƙahonnin bunsuru arba'in a jere a kan katanga, da harsashi guda da aka tsinto cikin tsakuwa, da babbar tukunyar Wau. Ta bar wani bunsuru a kan dutse wanda ba mu san makomarsa ba. Ta kuma bar ni.

A nan na ajiye alƙalami jiya da hantsi, domin ban san me zan rubuta a wurin jana'iza ba. Bap na zaune a rana yana gyaran igiya. Na ɗauki takardun nan da wasiƙar farko, na durƙusa gabansa, na ce ina da karatu. Ya ce daga wa. Na ce daga ni. Na karanta masa tun daga “da zuciya” har zuwa “ta kuma bar ni”, wannan karon muryata ta yi ta tsinkewa, sau uku ina tsayawa. Wau ta fito da kwano a hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta koma ba.

Da na gama ya miƙo hannu, na ba shi wasiƙar. Ba ya karatu, amma ya san yatsansa. Ya daɗe yana kallon tambarin.

“Da kika karanta mini ranar nan,” ya ce, “idonki na kan takardar?”

Na ce yana kai.

Bai daka mini tsawa ba. Da ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya ce shi ma ya ga bakin bindiga na rawa, ya san bai kamata ya taɓa kunama ba, girman kai ya taɓa ta, don haka haƙƙin dabbar nasa ne, kada in ɗauke masa. Amma haƙƙin Gawayi, in ji shi, yana wuyanmu mu biyu, ni da shi Bap. Na ce bari in ɗauko takarda ya faɗa in rubuta, a kai wa malamarmu ta duba kafin a rufe. Wau ta ce daga bakin ƙofa, ai takarda ta yi aikinta a gidan nan, a bar ta ta huta.

“Wannan saƙon ƙafa ke kai shi,” in ji Bap. “Rubuta jana'izar dai. Zan faɗa.”

Ga ta kamar yadda ya faɗa, na karanta masa sau biyu, yatsana a ƙarƙashin kowace kalma.

Za a ɗauki marigayiya daga gida ranar Alhamis bayan sallar asuba, zuwa maƙerar da aka haife ta. Ba za a hau jip ba. A can, idan Ustad Dinar Shah ya yarda ya buɗe mana ƙofa, za a cire mata siririn bututu a mayar mata da nata mai fuska takwas, domin ta kwanta da jikinta. Ba za ta ƙara magana ba. Za a dawo da ita a rataye ta a ginshiƙin tsakiyar ɗaki, harsashin jinƙai a ɗaure a kunamarta. Ba a bukatar masu rakiya, ba zaman makoki. Wanda ya ji yana son yin wani abu, ya ajiye gutsuren gurasa a kan dutse idan ya bi ta wajen kwazazzabo.

Bap zai riƙe sanda, Wau ta ba shi busasshen cuku ya kai wa marar lafiya. Bindigar da tsohon bututun, duka biyu, ni zan ɗauka, daga ƙofar gida har bakin gada. Na ɗaga su ɗazu don in gwada. Ban kai bakin gona ba igiyar ta fara cin kafaɗata. Bap na kallo daga kan rufi, ya ce kada in sa tsumma a ƙarƙashi, kuma idan mun isa, ni zan fara sallama.